Wanda ya sa hannu a takardar shiga soja, me ya miƙa, me kuma ya rage a hannunsa?

Nura:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na kammala karatu, kuma tun kafin in kammala zuciyata take karkata ga aikin soja. Ba rashin abin yi ne ya kawo ni ga wannan tunani ba, domin akwai hanyar da zan bi in rayu cikin rufin asiri ba tare da na taɓa riƙe bindiga ba. Abin da yake jan hankalina shi ne, duk lokacin da na ji an auka wa mutanen da ba su da mai kare su, sai kunya ta kama ni, in ga ina da ƙuruciya da lafiya amma ina kwance wasu suna gadin barcina. Abin da yake riƙe ni kuma abu biyu ne: ban tabbata zan iya kashe mutum ba, kuma ban tabbata duk yaƙin da za a tura ni zai zama wanda zuciyata ta yarda da shi ba. Mahaifiyata ba ta hana ni ba, amma tun da na faɗa mata ba ta sake tayar da maganar ba, kuma na san abin da wannan shirun yake nufi. Ina roƙon waɗanda suka san aikin daga ciki, da waɗanda suka zauna da masu yin sa, su faɗa mini gaskiya komai ɗacinta.

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam, Nura. Ni malamin tarihi ne, ban taɓa sa kaki ba, saboda haka ka ɗauki maganata a matsayin ta wanda ya karanta, ba ta wanda ya gani ba. A cikin damuwarka biyu, ta biyun ce ta fi nauyi a wurina, kuma ita ce matasa suka fi saurin tsallakewa. Ranar da ka sa hannu ka yi rantsuwa, ka miƙa wa wasu mutane ikon zaɓar maka abokin gaba, kuma galibin waɗannan mutane ba za su taɓa jin ƙarar igwa da kunnensu ba. Ba za a nemi ra'ayinka ba, kuma gwamnatin da ka amince da ita a yau ba lallai ne ita ce za ta ba da umarni nan da 'yan shekaru ba.

A 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, samarin Birtaniya sun yi tururuwa zuwa wuraren ɗaukar soja da son ransu, har aka riƙa kafa bataliyoyi na abokai, 'yan gari ɗaya ko ma'aikatan wuri ɗaya, aka yi musu alkawarin ba za a raba su ba. A ranar 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta gwabzawar kogin Somme a Faransa, an kashe sojojin Birtaniya kusan 20,000 tsakanin safiya da dare, kuma saboda tsarin nan na abokai, akwai garuruwan da saƙon mutuwa ya bi layi-layi cikin 'yan kwanaki. Iran da Iraƙi sun gwabza daga 1980 zuwa 1988, dubban ɗaruruwan mutane suka halaka, aka tashi iyakar ƙasashen biyu tana inda take tun farko. A 2003 aka tura sojojin Amurka da na Birtaniya Iraƙi bisa hujjar cewa akwai makaman ƙare dangi, aka bincike ƙasar ba a same su ba, kuma a 2016 kwamitin binciken Chilcot a Birtaniya ya ce an shiga yaƙin tun ba a ƙure hanyoyin lumana ba. Yawancin samarin da suka mutu a waɗannan wurare niyyarsu mai kyau ce kamar taka, sun fita ne domin su kare mutanensu. Tambayata gare ka ita ce, idan daga baya ta bayyana cewa yaƙin da ka rasa ƙafarka a cikinsa, ko ka kashe ɗan wani a cikinsa, an gina shi ne a kan ƙarya ko kuskure, da me za ka rarrashi zuciyarka?

Baba Saje:
Ɗana Nura, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka shiga, domin da yawanmu sai da muka shiga muka fara tambaya. Na yi aikin soja tun ina saurayi har furfura ta fito mini, na yi aiki a cikin gida, an kuma tura ni kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje. Abin da Malam Habibu ya faɗa gaskiya ne, ban taɓa zaɓar inda za a kai ni ba, kuma akwai wuraren da har yau ban gane dalilin kai mu ba. Sai dai Malam, ranka ya daɗe, ba komai aka karɓe wa soja ba. An zaɓar masa yaƙi, amma yatsan da yake kan kunamar bindiga nasa ne.

Bari in nuna maka da abin da ya fi yawa a aikin, wato tsaron shinge da dare. An sanar da ku cewa kwanan nan an kai wa wani shinge hari da mota, ba ka sami barcin kirki ba, sai ga fitilar mota tana tahowa ba ta rage gudu ba. Ka haska tocila, ka daka tsawa, ba ta tsaya ba. A wani dare irin wannan, kurtun da yake gefena ya riga ya ɗaga bindiga, na ji ƙarar da ta yi da ya ɗana ta, sai na dafe bakinta na danna ƙasa. Abin da na lura da shi kawai shi ne fitila ɗaya ce take ci, motar kuma tana tangaɗi, direban yana ta danna oda, kuma a ganina wanda ya zo kai hari ba ya sanar da zuwansa haka. Motar ta zo ta daki buhunan yashi ta tsaya. Wani dattijo ne yake tuƙi, birki ya ƙwace masa, a baya kuma wata mata ce kwance tana naƙuda, wata tsohuwa ta tallafe kanta a cinya. Da lissafina bai yi daidai ba a daren nan, da duk mun mutu kuma da alhakin yana wuyana. Da kuma na bar yaron ya harba, mai yiwuwa babu kotun da za ta kama shi da laifi, amma da ya ɗauki matar nan a ransa har kabarinsa.

Mutane suna zaton soja kullum yana fagen daga, alhali yawancin kwanakinsa jira ne da gadi da gajiya da kewar gida, sannan ba zato ba tsammani a ba shi 'yan daƙiƙoƙi ya yanke hukuncin da alƙali zai yi watanni yana nazarinsa. Da ka ce ba ka tabbata za ka iya kashe mutum ba, hankalina bai tashi ba. Wanda yake tsoratar da ni shi ne yaron da ya zo yana ɗokin ranar da zai fara harbi. Irinka muke so a bakin shinge, amma ka sani irinka ne kuma aikin ya fi ci a rai.

Maman Yusuf:
Ina neman izinin iyaye in sa baki, domin akwai ɓangaren da ba a cika tambayarsa ba. Mijina soja ne, ya dawo daga inda aka tura shi da gaɓoɓinsa cikakku, mutane suna ta taya ni murna, ni ma ina gode wa Allah. Amma mutumin da ya tafi ba shi ne ya dawo ba. Duk ɗakin da muka shiga sai ya zaɓi wurin da zai jingina da bango yana fuskantar ƙofa. Idan iska ta buga ƙofa da ƙarfi, kafin in waiwaya ya riga ya miƙe tsaye, idanunsa suna neman abin da babu shi. Da dare yakan farka sharkaf da gumi ya fita waje ya zauna har asuba, kuma na koyi cewa ba a taɓa shi yana barci, sai dai a kira sunansa daga nesa. Ƙaramin ɗanmu ya taɓa ɓuya a bayan labule ya yi tsalle ya kama shi da wasa, kuma abin da na gani a fuskar mahaifinsa a lokacin shi ya sa na zaunar da yaran na yi musu bayanin da bai kamata a yi wa masu shekarunsu ba. Bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, mutumin kirki ne, amma yana fama, kuma ya daɗe yana ƙin ganin likita domin gudun kada abokan aikinsa su ce ya karaya.

Ƙanena Nura, ba cewa nake yi kada ka shiga ba. Ina alfahari da mijina, kuma na san akwai mutanen da suke raye a yau ta dalilinsa. So nake ka san cewa takardar nan ba kai kaɗai take ɗaurewa ba. Mahaifiyarka tana ciki, matar da za ka aura tana ciki, har da 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna. Shirun mahaifiyarka da ka ambata, ka je ka zauna da ita ka bar ta ta amayar da abin da yake ranta, ko da abin da za ta faɗa ba zai sauya shawararka ba.

Barista Hauwa:
Ina so in ƙarfafa maganar Baba da abin da doka ta tanada, domin mutane da yawa, har da wasu sojoji, suna ɗauka cewa umarnin na gaba yana wanke na ƙasa daga komai. Dokar da ta kafa kotun Nuremberg, wadda ta yi wa manyan jami'an Jamus shari'a a 1945 da 1946 bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta ce bin umarni ba ya kuɓutar da mutum daga laifi, iyakacinsa a duba shi wajen sassauta hukunci. Yarjejeniyoyin Geneva guda huɗu na 1949, waɗanda duk ƙasashen duniya suka amince da su, sun ba da kariya ga waɗanda suka ji rauni, da fursunonin yaƙi, da fararen hula. Yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, ta faɗa a sashe na 33 cewa umarnin aikata kisan ƙare dangi ko laifin cin zarafin bil'adama haramtacce ne a fili, babu wanda zai fake da cewa bai gane ba.

Abin lura shi ne doka ta raba alhaki gida biyu. Alhakin tayar da yaƙi ba bisa ƙa'ida ba yana kan shugabannin da suka yanke shawarar, ba a gurfanar da kurtu saboda ƙasarsa ta shiga yaƙin da bai dace ba. Alhakin yadda aka gudanar da yaƙin kuwa yana kan kowa, daga janar har kurtu. Idan aka ce ka harbe wanda ya ɗaga hannu ya miƙa wuya, ko ka azabtar da fursuna, ko ka cinna wa gida wuta da mutane a ciki, wajibinka ne ka ƙi. Saboda haka amsar da zan ba Malam Habibu ita ce, ko da yaƙin ya zama na kuskure, soja yana da abin da zai rarrashi zuciyarsa da shi, wato sanin cewa hannunsa bai taɓa wanda doka ta hana a taɓa ba.

Malam Habibu:
Barista, na yarda da abin da yake rubuce, amma ina so Nura ya san abin da ƙin umarni yake jawo wa mutum a zahiri. A ranar 16 ga Maris 1968 sojojin Amurka sun shiga ƙauyen My Lai a Biyetnam suka karkashe fararen hula, mata da yara da tsofaffi. Rundunar sojan Amurka ta ƙidaya 347, Biyetnam kuma ta ƙidaya 504. Wani matuƙin jirgi mai saukar ungulu, Hugh Thompson, ya hango abin da ake yi daga sama, ya sauke jirginsa tsakanin sojojin ƙasarsa da mutanen da suke gudun tsira, ya ce wa abokan aikinsa su buɗe wa sojojin wuta idan suka harbi mutanen, sannan ya kai rahoto. Aka rufe maganar fiye da shekara guda. Da ta fito fili, mutum ɗaya kaɗai aka samu da laifi, Laftanar William Calley, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 1971, amma abin da ya yi bai wuce kusan shekara uku da rabi yana tsare a gida ba. Thompson kuwa ya sha zagi da barazanar kisa daga mutanen ƙasarsa, kuma sai a 1998, bayan shekara talatin, aka ba shi lambar yabo.

Sojoji da yawa ne a ƙauyen a ranar nan, kaɗan ne suka ƙi harbi, kuma ba na jin sauran an haife su mugaye ne. An horar da su su bi umarni ba jinkiri, nakiyoyi sun kashe musu abokai a makonnin da suka gabata, kuma kowa yana kallon abin da na kusa da shi yake yi. Muna zaune a inuwa, cewa yaro ya ƙi ba ta da wuya. Ta yaya za mu tura shi inda ake koya masa biyayya safe da yamma, sannan mu sa ran ranar da kowa ya bi, shi kaɗai zai tsaya?

Baba Saje:
Malam, ba zan musa maka ba, domin na ga yadda taro yake jan mutum. Amma ni horo ne ya ba ni natsuwar da na samu a bakin shingen nan, wanda bai horu ba shi ne yake harbi da zarar ya firgita. Duk inda na ga an yi ɓarna, kusan kullum dalili ɗaya ne: na gaba ya kau da kai, ko kuma ya nuna da bakinsa cewa mutanen wurin ba mutane ba ne. Inda hafsa da saje suka tsaya a kan gaskiya, yara ma suna tsayawa. Idan kuma duk masu tsoron Allah suka ce ba za su shiga ba don gudun ɓata hannu, to wa za a bar wa bindigar?

Ka kawo inda sojoji suka yi kisa, bari ni kuma in kawo inda rashinsu ya yi kisa. A Ruwanda a 1994, cikin kwana kusan ɗari aka kashe mutum kimanin 800,000, yawancinsu 'yan ƙabilar Tutsi, da yawa kuma da adda aka kashe su. Akwai dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya kusan 2,500 a ƙasar a ƙarƙashin Janar Roméo Dallaire ɗan Kanada, ya roƙi a ƙara masa mutane, amma bayan an kashe sojojin Beljiyam goma, sai Kwamitin Sulhu ya yanke a ranar 21 ga Afrilu cewa a rage rundunar zuwa 270. Akwai wata makarantar koyon sana'a a Kigali da jama'a suka fake a cikinta saboda sojojin Beljiyam suna gadinta, ranar da sojojin suka tattara suka tafi, a ranar aka auka wa mutanen. A cikin waɗanda suka rage a ƙasar akwai Kyaftin Mbaye Diagne ɗan Senegal, wanda aikinsa sa ido ne kawai, ba ya ɗauke da makami. Ya riƙa ɗibar mutane kaɗan-kaɗan a motarsa yana ratsa shingayen masu kisa da lallashi da iya magana, ba tare da an sa shi ba, ya tserar da 'ya'yan firaministar da aka kashe, da wasu masu yawa. A ranar 31 ga Mayu wani makami da aka harbo ya fashe kusa da motarsa ya kashe shi, kuma a 2014 Majalisar ta ƙirƙiro lambar yabo ta jarumta da sunansa. Idan aka ce mini zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, nakan amsa da cewa haka ne, na fi mai faɗa sani. Amma mutanen da suke cikin makarantar nan, abin da suke buƙata a ranar shi ne mai kaki da zai tsaya a bakin ƙofa ya ƙi tafiya.

Malam Tukur:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga waɗanda muke Musulmi, maganar da ake ja a kanta ba baƙuwa ba ce. Alƙur'ani da kansa, a aya ta 216 ta Suratul Baƙara, ya siffanta yaƙi da abin da rai yake ƙi, kuma a aya ta 61 ta Suratul Anfal ya ce idan abokan gaba suka karkata ga sulhu, kai ma ka karkata. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana burin haɗuwa da abokan gaba, ya ce a roƙi Allah lafiya, idan kuma an haɗu a dake. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, ya karɓi sulhun shekara goma da sharuɗɗan da suka yi wa wasu manyan sahabbai nauyi ƙwarai. Sayyidina Abubakar da zai sallami rundunar Sham ya yi wa kwamandanta wasiyya kada a kashe mace, ko yaro, ko tsoho tukuf, kada a sare itace mai 'ya'ya, kada a rusa wurin da ake zaune.

Game da biyayya kuma, ya inganta cewa wani shugaban runduna ya yi fushi da mutanensa, ya sa suka hura wuta ya ce su faɗa ciki, suka ƙi. Da labari ya kai ga Annabi sai ya gaskata su, ya ce biyayya tana cikin abin da yake na alheri ne kawai. Don haka Nura, rashin son zubar da jini da kake ji ba rauni ba ne a addininka, kuma iyakar da Barista ta nuna maka an riga an shata ta tun da daɗewa.

Dakta Iliya:
Ni likita ne, na yi wa waɗanda yaƙi ya raunata aiki, sojoji da fararen hula. Abin da ya tsaya mini a maganar Nura shi ne kunyar da ya ambata. Ƙanena, kunya tana iya kai mutum bakin ƙofar bariki, amma ba ta isa ta riƙe shi shekaru a ciki ba, kuma ba daidai ba ne ka ɗauka cewa duk wanda bai riƙe bindiga ba matsoraci ne. A Yaƙin Duniya na Ɗaya kimanin mutum 16,000 a Birtaniya sun ƙi yin yaƙi saboda imaninsu, da yawa sun sha ɗauri. Muhammad Ali ya ƙi shiga soja a Afrilun 1967 lokacin yaƙin Biyetnam, aka ƙwace masa kambun dambe, aka yanke masa ɗaurin shekara biyar, aka hana shi dambe sama da shekara uku yana kan ganiyarsa, sai a 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin. Desmond Doss kuwa ya shiga sojan Amurka amma ya ƙi taɓa makami saboda addininsa, ya yi aikin jinya, kuma a tsibirin Okinawa na Japan a 1945 ya kwaso kimanin mutum 75 da suka ji rauni ana ruwan wuta a kansa. Ɗaya ya ƙi shiga, ɗaya ya shiga da sharaɗinsa, kuma babu mai hankalin da zai kira ɗayansu rago.

Ka kuma gode wa Allah da zaɓin yake hannunka. A 2022 Yukiren ta hana maza daga shekara 18 zuwa 60 barin ƙasar, kuma a 2024 ta rage shekarun kiran mutum yaƙi daga 27 zuwa 25. A Koriya ta Kudu aikin soja tilas ne ga maza, kuma wanda imaninsa ya hana shi, sai daga 2020 aka ba shi damar yin wata 36 yana aiki a gidan yari a madadinsa. Tun da kai ba a tilasta maka ba, kada ka tilasta wa kanka da kunya. Mai cire nakiyoyi daga gonaki yana kare rai, mai jinya yana karewa, haka ma wanda yake zaunar da masu gaba a teburi. An fara tattaunawar tsagaita wuta a yaƙin Koriya a Yulin 1951, ba a sa hannu ba sai a Yulin 1953, kuma a tsakanin nan samari suna ta mutuwa a kan tsaunukan da ba su sauya sakamakon yaƙin ba. Da masu sulhu sun fi haka himma, da iyaye da yawa sun ga dawowar 'ya'yansu.

Nura:
Na gode iyayena, kowace magana ta shige ni. Baba, ina da tambaya ɗaya gare ka, ka yi mini afuwa idan ta yi nauyi. Da ɗan cikinka ne ya zo maka da wannan magana, me za ka ce masa?

Baba Saje:
Ba ta yi nauyi ba, ɗana, domin ɗan cikina ya zo mini da ita. Ban ce masa shiga ba, ban ce masa bari ba. Na aike shi wurin wani abokin aikina da ya rasa ƙafa, da kuma wurin matar wani da bai dawo ba, na ce ya wuni da kowannensu ya saurara, kada ya yi musu gardama. Na ce masa idan don kaki ne, ko don mutane su riƙa matsa masa a hanya, ko don ya rama wani abu da aka yi masa, to ban yarda ba. Na kuma tambaye shi abin da zan tambaye ka: ranar da na gaba da kai ya nuna maka mutumin da hannunsa yake ɗaure ya ce ka gama da shi, abokanka duka suna kallonka, ka san kuma ƙin da za ka yi zai iya jawo maka kotun soja ko abin da ya fi ta, me za ka yi? Wannan amsa a gida ake shirya ta, tun kafin a aske maka kai, domin a can babu lokacin tunani. Tsakanina da Malam Habibu kuwa har yanzu da saura, shi yana ganin aikin ya fi ƙarfin mutumin kirki, ni kuma na ga mutanen kirki da suka shiga suka fita da mutuncinsu, ko da yake ba su fita yadda suka shiga ba.

Barista Hauwa:
Ƙari kaɗan a kan na Baba, Nura. Kafin ka sa hannu ka nemi sharuɗɗan aikin a rubuce ka karanta su da kanka, kada ka dogara da abin da mai ɗaukar kurata ya faɗa maka da baki. Ka san shekara nawa za ka ɗaure kanka, da hanyar da doka ta yarda a bar aikin kafin wa'adi, domin soja ba ya ajiye aiki kamar sauran ma'aikata, wanda ya tafi ba izini ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya tsere, kuma kotun soja ce take hukunta shi. Wasu ƙasashe sun yarda soja ya nemi a sallame shi idan imaninsa ya sauya game da yaƙi, wasu kuma ba su san da wannan ba sam, don haka ka binciki wanda ya shafe ka. Ka tambayi abin da aka tanadar wa wanda ya nakasa, da irin kulawar da ake ba masu fama da abin da Maman Yusuf ta siffanta, da abin da magada suke samu da kuma tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya iso hannunsu. Za a ba ka takardar rubuta sunan wanda za a sanar idan wani abu ya same ka, kuma ya kamata mai sunan ya ji daga bakinka kafin ka rubuta shi.